Shuɗin Totopon Tacho

Wata bakwai kacal Anastasio Barragán ya yi a Texas, amma da ya dawo San Gervasio sai ka rantse shi ya gina ta. Tacho kowa ke ce masa. Ya dawo da hula mai baki, da biro uku a aljihun gaba, da labari cike da ciki. A faɗarsa, a wata ƙatuwar masana'antar totopo ya yi aiki, inda ake zuba wa masara ɗanɗano iri arba'in, kuma ranar da zai taho mai kamfanin da kansa ya riƙe masa hannu yana hawaye. Waɗanda suka je tare da shi sun ce manna wa kwali salatif yake yi a bakin ƙofa, ko ƙamshin man ba ya isa inda yake. Sai dai muryarsa ta fi tasu, don haka labarinsa ne ya zauna.

A gida kuwa totopo ba labari ba ne, shi ne abincin gidan. Surukarsa, Doña Eufrosina, ta yi shekara hamsin tana sayen tortiya, wato siririyar wainar masara, wadda ta kwana, ta yanka ta kusurwa uku, ta shanya, ta soya a wani kaskon jan ƙarfe da ta gada wurin uwarta, ta barbaɗa gishiri. Shi ke nan. Duk mai sayar da abinci a garin wurinta yake saye. Matar Tacho, Herlinda, ta yi shekara ashirin da biyu a gaban kaskon nan, hannayenta duk tabon mai. A tsawon shekarun nan ba ta taɓa jin uwarta ta ce an yi daidai ba. Tsohuwar ba ta iya yabo ba. In abu ya yi mata, sai ta yamutsa fuska ta ce gishiri ya yi yawa, sannan ta cinye farantin tas.

Da gwiwa ta ƙi, sai Doña Eufrosina ta tara 'ya'yanta mata biyu ta yanke magana. Karin kumallon bikin waliyyin gari, na mutum ɗari huɗu, bana Herlinda ce za ta soya totoponsa ita kaɗai. In an tashi lafiya, kasko da ciniki nata ne. In an ji kunya, ƙanwarta Obdulia, wadda mijinta ke da a-kori-kura, ta zo ta ɗauka.

Tacho na jin haka ya gyara hula.

"Tsohuwata, Allah ne ya dawo da ni a kan kari," ya ce wa matarsa. "Duniya ta wuce gishiri. Yanzu mai saye ba cikinsa yake ciyarwa ba, mamaki yake nema. A can, wata uku ba a fito da sabon ɗanɗano ba, an rufe ka."

"Mu nan shekara hamsin ba a rufe mu ba."

"Don mutanen garin nan ba su san abin da suke so ba. Sai an gaya musu."

"To ka je ka gaya musu. Ni dai ka bar min kaskona."

"Ba naki ba ne tukuna," ya ce, yana ɗaga yatsa. "Ni zan sa ya zama naki."

Herlinda ta dube shi, ta dubi wuƙar da ke hannunta, ta ci gaba da yankan tortiya.

Washegari sai ga shi da Nicanor magini, uban baftismar 'yarsu, dalilin da ya sa suke kiran juna compadre, suna turo injin kwaɓa siminti cikin tsakar gida.

"Compadre, ni fa har yanzu ban gane ba," in ji Nicanor yana haki. "Wannan siminti take ci."

"A Texas a ganga mai juyawa ake zuba ɗanɗano, compadre. Tasu ta fi wannan sheƙi ne kawai."

"An wanke tasu dai ko?"

"Ita ma za ta wanku da aiki."

Zubin farko ya fito da tsakuwa. Don Higinio wanzami, wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofar gidan, shi aka fara miƙa wa. Ya tauna, aka ji ƙaras har bakin titi. Ya dafe muƙamuƙi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kai, Don Tacho, yana da ƙarfi. Madalla." Ya wuce kai tsaye wurin mai cire haƙori. Tacho ya zaro biro ya rubuta: mutane na son mai ƙara.

A zubi na biyu ya juye garin barkono kwano uku, ya kunna inji bakinsa na kallon katangar maƙwabta. Jar ƙura ta tashi ta sauka a kan shanyar Doña Cleofas. Kaji suka yi ta atishawa. Mijinta, da ya sa gajeren wandon da ya fito daga shanyar nan, kwana biyu a tsaye ya ci abinci. Doña Cleofas ta leƙo ta katanga, hancinta ja wur.

"Maƙwabci, yaƙi aka fara ne ba a gaya mana ba?"

"Bincike ne, Doña Cleofas. Ku ne na farko da kuka shaƙi gaba."

"To don Allah gobe a juya gaban ta wajen gidanku."

Daga nan abu ya yi ta gaba. Aka yi mai mangwaro da tafarnuwa. Aka yi mai kofi da cuku. Aka yi mai cakulan da busasshen kifi, wanda ya tara kuliyoyin unguwa uku a kan rufin gida. Sai wata rana ya dawo daga birni da buhun wani gari da masu yin alawa ke saye, mai ɗanɗanon cingam da minti. Fari ne fat kamar gishiri, amma yana taɓa ruwa sai ya koma shuɗi. Tacho ya lasa, ya dubi harshensa a madubi, ya kusa yin kuka. Shuɗin nan sak na alkyabbar waliyyi Gervasio da ke cikin coci.

"Alama ce," ya ce. "Shi da kansa ya zaɓa."

Ranar Lahadi, bayan an fito daga coci, ya kafa tebur a dandali da littafi a hannu, don a Texas, in ji shi, ba a fitar da kaya sai an tambayi jama'a. To, mutanen garin nan gara su haɗiye ƙusa da su ce wa mutum a idonsa abincinsa ba daɗi. Kowa ya zo sai ya ɗauki ɗaya, ya kai baki, ya ɗan gatsi kusurwa kamar ɓera mai jin kunya, ya lumshe ido.

"Ya yi daɗi, Don Tacho."

"To cinye mana."

"A'a, sauran, matata zan kai wa. Ba na cin abu mai kyau ni kaɗai."

Sai a sulala shi aljihu. Matan su zura a jaka, su ce na maigida ne. Kafin azahar tire ya ƙare, littafi ya cika da daɗi, ba a'a ko ɗaya. Wanda ya ƙi shi kaɗai ne Coronel, karen dandali, wanda aka taɓa gani yana cin kyandir. Ya shinshina, ya ja da baya, ya koma ƙarƙashin benci.

"Ba shi muke nufi da kayan ba," in ji Tacho.

Da ya nuna wa Herlinda littafin, ba ta ko goge hannu ba.

"Mutum nawa suka ci shuɗin?"

"Sittin da uku. Duk sun yaba."

"Na biyo ta dandali ɗazu, na gaisa da rabinsu. Ban ga mai shuɗin harshe ko ɗaya ba."

"Mutanenmu akwai tsabta."

"Tacho." Ta ajiye matsami ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya ɗan tsorata. "Kwana uku zan yi ina suya. Buhu goma sha biyu. Ka yi wasanka da injinka, ka kashe kuliyoyi, ka ƙone wandon maƙwabta, ban hana ka ba. Amma buhunan nan rayuwata ce. Ka rantse."

Ya ɗora hannu a ƙirji, kan birukan nan uku, ya rantse da kabarin uwarsa, wadda ke nan da ranta a unguwar gangare.

Kwana uku ta yi a gaban wuta. Doña Eufrosina na zaune a kujera a gefe, tana ɗaukar ɗaya daga kowane kwando ta tauna da sauran haƙoranta ta ce, "Gishiri ya yi yawa," ta sake miƙa hannu. Herlinda na jin haka sai ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ana gobe biki, da la'asar, matan gidan suka tafi yi wa coci ado da furanni. Tacho ya rage shi da buhu goma sha biyu jingine da bango. Ya kewaye su sau uku. Shi fa tausayin matarsa yake ji, tsakani da Allah. Mace ta sha wannan wahala, a ce ta fita gaban mutum ɗari huɗu da gishiri kawai, kamar ba ta da miji? Buhu ɗaya dai, don a ga bambanci. Ya juye shi a inji, ya zuba farin gari, ya juya a hankali kada ya farfashe. Da ya fito, ba mai cewa an taɓa shi. Sai ya ga in teburi ɗaya ya samu sauran ba su samu ba, za a ce an yi son kai a bikin waliyyi. Ya ƙara na biyu don adalci. Kafin a kaɗa ƙararrawar yamma, adalci ya game duk goma sha biyun, ya ɗaure bakinsu yadda ya same su.

Da safe, bayan 'yan badujala sun gama busa wa waliyyi gaisuwar asuba, aka jera tebura a harabar coci. Abincin ranar chilaquiles ne kamar kullum: a zuba totopo a baho, a kwarara masa tafasasshiyar koriyar miya, a watsa cuku da albasa. Kuma kowa ya san ƙa'idar. Abincin waliyyi ba a mayar da faranti da saura, ba a ba kare.

Doña Cleofas ce ke riƙe da ludayi. Ta kwarara miya a bahon farko. Kore ya tsaya jim kaɗan, sannan ya fara rikiɗa. Daga tsakiya shuɗi ya ɓullo ya bazu har gefe, tururi ya tashi da warin man goge baki da albasa. Ta yi alamar gicciye da ludayin.

"Herlinda, 'yar nan, zo ki gani. Ko mu'ujiza ce, ko mijinki."

Herlinda ta leƙa bahon. Ta ɗaga kai tana neman Tacho, sai ta hango shi a kan matakalar coci, ya riga ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'ar San Gervasio!" muryarsa ta cika harabar. "Kun tambaya, mun ji! Mutum sittin da uku ba za su yi ƙarya ba! Yau, a karon farko a duk jihar nan, waliyyinmu zai ga mutanensa na cin launin alkyabbarsa!"

Masu rabo ba su jira ba, don 'yan badujala tun asuba suke busa da yunwa, kuma su ake fara ba. Bayan su Fada, bayan Fada kowa da kowa. Faranti ya isa gaban mutane, harabar ta yi tsit. A dandali abin da sauƙi, busasshe ne, aljihu na ɗauka. Wannan kuwa da miya, da zafi, da cuku na narkewa a kai. Don Higinio ya dubi aljihun rigarsa ta biki, ya dubi farantin, ya dubi sama. Nicanor, da yake shi mutum ne mai saurin yanke shawara, ya gwada zubawa a aljihu. Sai ga shi ya miƙe yana rawa ba kiɗa, shuɗi na bin ƙafar wandonsa.

Tacho ya sauko yana bin tebura da lasifika.

"Fada, me za ka ce?"

Fada ya haɗiye da ƙyar, ya buɗe baki, leɓɓansa kamar ya sha tawada. "Ɗana, Ubangiji ya halicci abubuwa iri-iri."

"Kun ji! Don Higinio?"

"Ya yi daɗi, Don Tacho. Sauran zan kai wa..."

"Ga ni nan zaune kusa da kai," in ji matarsa. "Kada ka soma."

Coronel, da ba a taɓa biki ba ya ƙarƙashin tebur, an hango shi can bakin hanya yana gudu bai waiwayo ba.

A teburin 'yan badujala kuwa an samu mafita. Don Melquiades, mai ƙaton bututun busa da bakinsa ya kai baho faɗi, ya jingine shi a bayan kujera. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya karkata farantinsa a ciki. Mai ganga ya gani, ya bi sahu. Masu ƙaho biyar suka bi. Labari ya zaga tebur na kusa, faranti suka riƙa tafiya hannu da hannu ta ƙarƙashi suna dawowa wayam. Tacho ya iso ya ga faranti ashirin a share, ya ɗaga ɗaya sama.

"Ga masu fasaha! Su suka san abu! A busa mana, maigida, a busa wa sabon zamani!"

"Ai ba a gama narkewa ba, Don Tacho," in ji Don Melquiades.

"A busa!"

Jama'a, da suke neman duk abin da zai raba su da cokali, suka ɗauka: a busa, a busa. Don Melquiades ya saɓa bututun da ƙyar, don ya yi nauyi. Ya cika kumatu. Aka ji wani gurnani kamar saniya ta faɗa rijiya. Ya sake cikawa har jijiyar wuyansa ta tashi. A na uku bututun ya yi tari, ya amayo karin kumallon mutum ashirin a kan Tacho, tun daga hula har takalmi, da lasifikar da birukan duka.

Sai Doña Cleofas ta fashe da dariya, harabar ta ɗauka. Da dariya ta ɓalle, gaskiya ma ta ɓalle.

"Na dandali yana cikin tukunyar furena, furen ya mutu!"

"Ni na toshe ramin ɓera da shi, ɓeran ya tashi daga gidan!"

"Haƙorina, Don Tacho! Haƙorina na dama!"

Tacho ya share cuku daga ido. "Ku kuka ce ya yi daɗi! Yana rubuce! Kai, compadre, sau biyu ka faɗa!"

"To me zan ce, compadre? Kai ka riƙe min ɗa a coci."

"Ɗanka na riƙe? Kai ka riƙe 'yata!"

"To ka ga ma, abin ya fi nauyi."

Ana cikin haka sai hayaniya ta fara mutuwa daga gefe guda. Doña Eufrosina ce ta taso, tana dogara sanda, Obdulia na riƙe da gwiwar hannunta. Ta zo gaban baho, ta miƙa hannu aka ba ta cokali. Ta ɗiba, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Ta goge baki da gefen mayafi. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta dubi 'yarta Herlinda da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo a bakin ƙofa.

"Ya yi daɗi ƙwarai," ta ce. "Sannunku da aiki. An gode."

Tacho ya yi tsalle, miya na ɗiga daga haɓarsa. "Kin ji? Tsohuwata, kin ji? Shekara ashirin da biyu ba ta yabe ki ba, yau ɗaya da na sa hannu..."

Herlinda ta kwance ɗamarar aikinta, ta ninke ta huɗu, ta ajiye a kan tebur, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita. Ba wanda ya yi dariya. Mutum ɗari huɗu suka karya da burodi da wake.

Kafin la'asar a-kori-kurar mijin Obdulia ta tsaya a ƙofar gida. Maza uku suka ɗauko kaskon, suka shimfiɗa masa bargo, suka ɗaure shi da igiya. Tacho na tsaye yana gaya musu yadda ake ɗaure kaya a Texas. A kan murhu sai wani baƙin zobe ya rage, daidai faɗin gindin kaskon. Herlinda ta jawo kujerar uwarta ta zauna tana kallonsa, hannayenta a kan cinya, karon farko da ya gan su ba abin da suke yi. Nan ne abin ya soke shi, ya buɗe baki zai yi magana, ya rasa ko ɗaya daga kalmomin da ya kawo daga Texas.

Buhu uku aka buɗe a coci. Tara suka dawo gida.

Washegari da safe ya tarar da wandonsa a wanke, a goge, an rataye masa a ƙusa. Ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe ta huce. Ya sa, ya fito, ya zauna a tebur. Herlinda ta dire masa faranti cike, tururi na tashi, shuɗi har baki. Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta tallafe haɓa.

Ya kai cokali ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya?" ta ce.

"Ya yi daɗi, tsohuwata."

"To cinye mana. Akwai buhu tara."

Ya yi murmushi da shuɗayen haƙora, ya ce bari ya ɗan huce. Da ta sunkuya gyara takalmi, ya yi wuf ya ɗebo waɗanda miya ba ta taɓa ba, ya kai hannu aljihu. Hannun ya zame. Ya lalubi na hagu, ya lalubi na baya. Duk ta ɗinke su, ɗinki biyu-biyu, da zaren ɗaure buhu.